Prithviraj Kapoor: Sarkin Fim da Ke Tsayawa da Jakar Bara a Bakin Ƙofa

Idan wasa ya ƙare, aka ja labule, 'yan kallo suka miƙe za su fita, sai su tarar da wani dogon mutum mai faɗin ƙirji tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya buɗe jakar yadi da hannu biyu. Shi ne wanda suka gama yi wa tafi yanzun nan. An ce ba ya ɗaga ido, don kada ya san wanda ya jefa da yawa, da wanda ya jefa kaɗan, da wanda ya wuce bai jefa komai ba. Kuɗin da aka tara ba na aljihunsa ba ne. Ana kai su ga ma'aikatan wasa da suka shiga matsi, da mutanen da wata masifa ta ɗaiɗaita. Wannan mutum shi ne Prithviraj Kapoor, kuma a lokacin da yake wannan bara yana cikin manyan jaruman fim na ƙasar Indiya.

Sunan Kapoor ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun da 'yan kasuwar Labanan suka fara kawo finafinan Indiya gidajen sinima na Arewa, kusan kowane zamani da Kapoor ɗinsa. Dattawa sun san Raj da Shammi da Shashi, na bayansu sun san Rishi, 'yan yau kuma sun san Karisma da Kareena da Ranbir. Dukansu tsatso ɗaya ne: Prithviraj ne ya haifi ukun farko, Rishi jikansa ne, sauran ukun kuwa tattaɓa-kunnensa ne. Amma in aka ce a faɗi abin da shi tsohon ya yi, da wuya amsar ta wuce Sarki Akbar na fim ɗin Mughal-e-Azam, mai muryar nan kamar tsawa. Akbar ɗin kuwa ɗan gutsure ne. Aikin da ya ɗauka a matsayin aikin rayuwarsa, wanda ya cinye masa dukiya, daga baya ya cinye masa murya, a kan dandamali ya yi shi, kuma kusan babu abin da kyamara ta adana daga cikinsa.

An haife shi ranar 3 ga Nuwamba, 1906, a Samundri, wani ƙaramin gari a lardin Punjab, kusa da birnin da a yau ake kira Faisalabad. Kakansa jami'in haraji ne a garin, mahaifinsa Basheshwarnath kuma jami'in 'yan sanda ne a Peshawar, can kusa da iyakar Afghanistan. A Peshawar ya yi samartakarsa, ya yi karatu a Kwalejin Edwardes, a can kuma ya goge a wasan daɓe. Duka garuruwan nan biyu a yau cikin Pakistan suke, kuma sauran labarinsa a kan wannan ya ratayu.

Peshawar birnin Musulmi ne. Mabiya addinin Hindu da na Sikh tsiraru ne a cikinsa. Gidan su Kapoor yana tsohon gari, daura da kasuwar Qissa Khwani, wato kasuwar masu ba da labari, inda fatake daga Kabul da tsakiyar Asiya kan sauka su sha shayi su saurari hikayoyi. A nan kusa akwai wani mai fataucin 'ya'yan itatuwa, Musulmi, abokin Basheshwarnath, wanda aka haifa masa ɗa a 1922 aka raɗa masa suna Yusuf Khan. Yaron nan shi ne duniya ta sani daga baya da Dilip Kumar. Prithviraj ɗan Hindu ne, bai taɓa barin addininsa ba, amma ya kan kira kansa Pathan, sunan da ake kiran ƙabilun Pashtun na yankin, waɗanda kusan dukansu Musulmi ne. A wurinsa babu karo tsakanin abubuwan biyu, domin a haka ya buɗi ido ya ga ana zaune.

Ya fara karatun lauya, ya yi shekara guda ya watsar. A 1928, yana da mata da 'ya'ya, ya ranci kuɗi wurin wata daga cikin iyayensa mata ya nufi Bombay, wato Mumbai ta yau. A lokacin fim ba sana'ar da ɗan gidan mutunci ke shiga ba ce, balle mai digiri ɗan jami'in gwamnati. Ya fara da tsayuwa cikin taron 'yan cike gurbi a kamfanin Imperial, zamanin da finafinai ba su da magana, kafin a ba shi babban matsayi a Cinema Girl. Ranar 14 ga Maris, 1931, aka fara nuna Alam Ara, fim na farko mai magana a Indiya, kuma yana cikin waɗanda suka fito. Ko kwafi ɗaya na wannan fim bai tsira ba. Zuwan magana ya kashe kasuwar taurari da yawa waɗanda fuska kawai suke da ita, harshen bai zauna a bakinsu ba. Shi kuwa murya da lafazi ne jarinsa. A cikin wannan shekara ta 1931 ne kuma 'ya'yansa biyu ƙanana suka rasu, 'yan kwanaki tsakani.

Shekarun da suka biyo baya na koyo ne da hawa. Ya bi wata ƙungiyar wasa ta Bature, Grant Anderson, suna yawo suna yin wasannin Shakespeare da Turanci. Ya zauna Kalkata ƙarƙashin kamfanin New Theatres, inda ya yi fice a Vidyapati na 1937. Sai Sikandar na 1941, wanda Sohrab Modi ya ba da umarni: Prithviraj ya fito a Iskandar na Masadoniya, Modi kuma a Sarki Porus da ya tare shi a bakin kogin Jhelum. Labari ne na fiye da shekara dubu biyu, amma 'yan kallo sun gane da wa ake, domin sarkin gida ne ke gaya wa baƙon mamaya magana ido da ido, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Turawan mulki ma sun gane, suka hana nuna shi a wasu sinimomin barikin soja.

A wannan matsayi, mai hankalin kasuwa zama zai yi ya ci moriyar suna. Finafinai masu magana sun riga sun durƙusar da tsofaffin kamfanonin wasan daɓe na 'yan Parsi, an mai da gidajen wasa da yawa sinimomi. Sai ga jarumin fim ya juya ya nufi inda kowa ke gudu. A watan Janairun 1944 ya kafa Prithvi Theatres, ƙungiyar wasa mai yawo, mai ɗauke da mutum wajen 150 idan aka haɗa 'yan wasa da makaɗa da masu ɗinki da masu haɗa dandamali da masu dafa abinci. Cikin shekara 16 sun yi wasa sau 2,662 a garuruwa 112. In aka raba, ya kama kusan wasa ɗaya a kowane kwana biyu, kuma shi ne ke jan babban matsayi. Kuɗin ƙofa ba su cika riƙe ƙungiyar ba. Sai ya je ya yi fim, ya karɓo ladansa ya biya albashi. A Bombay, a Royal Opera House suke wasa, sau da yawa da safe, domin da yamma gidan na fim ne.

Harshen da ya zaɓa ma magana ce. Hindustani shi ne harshen gida da kasuwa na arewacin Indiya. In aka rubuta shi da baƙaƙe irin na Larabci, aka loda masa kalmomin Farisanci da Larabci, sai a ce Urdu. In aka rubuta shi da baƙaƙen Devanagari, aka loda masa kalmomin Sanskrit, sai a ce Hindi. 'Yan siyasa suna ta jan harshen gida biyu, wannan na Musulmi, wancan na 'yan Hindu. Shi ya tsaya a tsakiyar, inda mai sayar da shayi na kowane ɓangare zai fahimta.

Ƙungiyar ta buɗe da Shakuntala, tsohon wasan Kalidasa. Daga nan sai ta fuskanci abin da ke cin ƙasar. Tun a 1940 jam'iyyar Muslim League ta Muhammad Ali Jinnah ta zartar a Lahore cewa Musulmi na bukatar ƙasarsu daban. A watan Agustan 1945 Prithviraj ya fito da Deewar, ma'ana katanga. 'Yan'uwa biyu ne ke zaune lafiya a gidan gado, sai baƙi daga wata ƙasa suka zo neman mafaka, wata mace daga cikinsu ta shiga tsakanin wa da ƙane, har aka ja katanga a tsakiyar gidan. A ƙarshen wasan mutanen gida suka farga, suka rushe ta.

An yi wa wasan tafi, amma dole a faɗi rauninsa. Ya ɗora laifin duka a kan baƙo, kamar dai 'yan'uwan ba su da wata ƙullalliya tsakaninsu kafin ya zo. Gaskiya ne Turawa sun ci riba da rarraba kan jama'a. Sai dai tsoron Musulmin Indiya ba ƙirƙirar Bature ba ne kaɗai. Su kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na jama'ar ƙasar, kuma abin da da yawansu suka gani bayan zaɓen larduna na 1937, inda jam'iyyar Congress ta kafa gwamnatoci ba tare da League ba, ya sa suna tambayar yadda makomarsu za ta kasance ƙarƙashin rinjaye na dindindin. Deewar bai amsa wannan tambaya ba, bai ma yarda an yi ta ba. Wasa ne na mutumin da zuciyarsa ke tare da Congress, kuma mai goyon bayan Pakistan da ya shiga kallo zai fita ne yana jin an kira shi wanda aka yaudara.

Wasa na gaba ya fi wannan zurfi nesa ba kusa ba, wataƙila domin daga tunanin gida ya fito, ba daga taron siyasa ba. A tuna halin da ake ciki. A watan Agustan 1946 an kashe mutum fiye da 4,000 a Kalkata cikin 'yan kwanaki. Aka far wa 'yan Hindu a Noakhali, aka yi wa Musulmi kisan gilla a Bihar, sannan a watan Maris na 1947 aka afka wa 'yan Sikh da 'yan Hindu a ƙauyukan Rawalpindi. Kowane ɓangare yana ƙirga gawarwakinsa, yana mance na ɗaya ɓangaren. Ana cikin haka, ranar 13 ga Afrilu, 1947, aka ɗaga labule a Bombay a kan Pathan, wanda Lal Chand Bismil ya rubuta.

Labarin a wani ƙauye na bakin iyaka yake. Sher Khan, shugaban ƙabila, Musulmi, yana da amini ɗan Hindu mai suna Tarachand. Tarachand ya rasa ransa wajen kare Sher Khan, ya bar masa amanar ɗansa. Yaron ya girma tare da Bahadur Khan, ɗan Sher Khan na cikinsa. Wata rana ɗan amanar ya kashe wani daga gidan abokan gaba, suka zo neman jini a madadin jini, kamar yadda al'adar yankin ta tanada. Sher Khan ba zai iya karya al'ada ba, ba zai kuma iya cin amanar mamaci ba. Sai ya miƙa nasa ɗan. Prithviraj ne ke fitowa a Sher Khan, kuma wanda ya fara fitowa a Bahadur Khan shi ne Raj Kapoor, ɗansa na fari. Wato uban da ya binne 'ya'ya biyu shi ne ke tsayawa gaban jama'a yana miƙa ɗansa na gaske ga masu kisa, yau da gobe.

Abin lura shi ne wanda aka bai wa girman. A Bombay ta wancan lokaci an fi sanin Pathan da gadi da ba da bashi da ruwa, mutum ne da ake tsoro. Ga jaridu cike da labarin kisan da aka yi a arewa maso yamma. Sai ɗan Hindu ya tara zauren da mafi yawansa 'yan Hindu ne, ya sa su kuka saboda riƙon amanar Musulmi. Bai nuna Musulmi a matsayin abin tausayi da za a yi wa alfarma ba. Ya nuna shi a matsayin wanda ya fi kowa mutunci a cikin labarin. An yi wasan kusan sau 600 a Bombay.

Bai hana komai ba. Bayan wata huɗu aka raba ƙasar. Wani lauya Bature, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba kafin nan, aka ba shi mako biyar ya ja layi. Mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, waɗanda suka mutu kuwa ƙiyasi ya kama daga 200,000 har zuwa miliyan biyu. Peshawar ta faɗa Pakistan bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Yuli, duk da adawar Khan Abdul Ghaffar Khan da mutanensa. Samundri ma haka. Mutumin da ke kiran kansa Pathan ya wayi gari garin haihuwarsa da garin samartakarsa duk sun zama ƙasar waje.

Wani zai ce to ai wasan kwaikwayo ya nuna iyakarsa, sai a koma nishaɗi. Shi bai koma ba, sai ma ya shiga wuraren da suka fi zafi. Ghaddar na 1948, ma'ana maci amana, a kan Musulmin da ya yi gwagwarmayar 'yancin Indiya ne, wanda rabuwar ta bar shi ana masa kallon maci amana. Ahooti na 1949, ma'ana hadaya, ya taɓo abin da iyalai ke rufewa. An sace dubun-dubatar mata daga kowane ɓangare a lokacin tarzomar, gwamnatocin biyu suka yi yarjejeniyar nemo su, amma da yawa da aka dawo da su danginsu suka ƙi karɓarsu, wai sun ƙazantu. Jarumar wasan 'yar Hindu ce da aka ceto, gidan da za ta aura suka juya mata baya, ta kashe kanta. A nan yatsan ba Bature ya nuna ba, ba kuma Musulmi ba. Mutanensa ya nuna, a gaban 'yan gudun hijirar da abin ya faru a gidajensu.

Ita kanta ƙungiyar hujja ce ga abin da yake faɗa. Babbar jarumarsa Uzra Butt daga gidan Musulmi ta fito, haka yayarta Zohra Sehgal, wadda ta yi shekara 14 tana wasa tana tsara musu rawa. A cikin makaɗan ƙungiyar Shankar da Jaikishan suka yi aiki tare, kafin su zama masu kiɗan finafinan Raj Kapoor. Ramanand Sagar ya rubuta musu wasa. 'Ya'yansa maza uku duk a nan suka koyi sana'a, daga ƙananan ayyukan bayan labule. A jirgin ƙasa shi ma a taragon talakawa yake tafiya tare da yaransa. A 1952 aka naɗa shi ɗan majalisar dattawan Indiya, Rajya Sabha, ya yi shekara takwas, ya yi ta fafutukar a sauƙaƙa wa 'yan wasa kuɗin jirgi. A 1958 ya gabatar da ƙudurin soke hukuncin kisa, aka yi muhawara, aka janye.

Finafinan da suka riƙe sunansa a cikin waɗannan shekaru suka fito, kuma duk uban nan ne dai da aka sa ya zaɓa tsakanin ɗa da doka. A Awaara na 1951, wanda Raj ya ba da umarni, shi ne alƙali Raghunath da ya kori matarsa da ciki saboda zargi, ya zo yana fuskantar ɗansa a kotu. Fim ɗin ya karɓu har Tarayyar Sobiyet da Sin da Turkiyya. Sai Mughal-e-Azam, wanda shi ma rabuwar ƙasa ta taɓa: K. Asif ya fara shi tun tsakiyar shekarun 1940 da wasu 'yan wasa, mai zuba kuɗin ya ƙaura Pakistan, wanda zai yi Akbar, Chandramohan, ya rasu a 1949. Da aka sake ɗaura ɗamara, aka ba Prithviraj rawanin, aka ba Dilip Kumar, ɗan maƙwabcinsu na Peshawar, matsayin Yarima Salim, Madhubala kuma ta zama Anarkali.

An saki fim ɗin ranar 5 ga Agusta, 1960, ya riƙe kambin cin kasuwa shekara 15. Labarin Anarkali almara ce, babu ita a tarihin fadar, kuma Akbar na fim ya fi na tarihi santsi. Na tarihin, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, malamai irin su Shaikh Ahmad Sirhindi sun soki manufofinsa na addini. Amma Akbar ɗin da Asif ya gina shi ne wanda Indiya ta Nehru ke so ta gani a madubi: sarki Musulmi da ke takawa ba takalmi a rairayi zuwa wurin Shaikh Salim Chishti neman addu'ar haihuwa, matarsa 'yar Hindu tana bikin addininta a cikin fada. Ya fita yaƙi da ɗansa don kada sarauta ta wulaƙanta, sannan ya bar Anarkali ta tsira a asirce saboda alƙawarin da ya taɓa yi wa mahaifiyarta. Wanda ya ga Sher Khan a dandamali ba zai rasa gane shi a ƙarƙashin wannan rawani ba.

A wannan shekara ta 1960 aka rufe Prithvi Theatres. Shekaru na ɗaga murya a zaure bayan zaure sun ci maƙogwaronsa. Tun lokacin da yake mai da wasansa Paisa fim a 1957 muryar ta dushe, ba ta kuma komo yadda take ba. Lafiya ta ja baya, kuɗi ma haka. Sauran shekarunsa a fim ya yi su, sau da yawa a matsayin sarki ko kaka, wasu finafinan ma ba su kai darajarsa ba. A Sikandar-e-Azam na 1965 ya koma ɗaya gefen kogin, ya fito a Porus, ɗan kokawa Dara Singh ya zama Iskandar. A Kal Aaj Aur Kal na 1971 ya fito tare da ɗansa Raj da jikansa Randhir. An ba shi lambar Padma Bhushan a 1969. Ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 29 ga Mayu, 1972, matarsa Ramsarni ta bi shi bayan kwana 16. Lambar Dadasaheb Phalke, mafi girma a fim ɗin Indiya, bayan rasuwarsa ta zo.

Ya taɓa karɓar hayar wani fili a unguwar Juhu da niyyar gina wa ƙungiyarsa mazauni, bai samu iko ba. Autansa Shashi da matarsa Jennifer Kendal suka sayi filin suka gina Prithvi Theatre, mai kujeru kusan 200, aka buɗe shi ranar 5 ga Nuwamba, 1978, kuma har yau ana wasa a cikinsa. A 2006 aka nuna Mughal-e-Azam, wanda aka yi wa launi, a sinimomin Pakistan, bayan shekaru kusan 40 da haramta finafinan Indiya a can. Gidan su Kapoor na Peshawar kuwa yana nan tsaye, ya tsattsage, an rushe wani sashe na samansa. A 2021 gwamnatin lardin Khyber Pakhtunkhwa ta karɓe shi tare da gidan su Dilip Kumar, da niyyar mai da su gidajen tarihi. Tsakanin gidajen biyu tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa.